Yadda Ake Saƙa Shimin Bazara da Kwarashi

Daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, duk macen da ke zaune a birnin Kano ta san yadda tufafi ke zame wa jiki kaya, musamman a watan Afrilu da zafi kan kai digiri 40 ko ya ɗara, iska ta tsaya cak, wuta kuma an ɗauke tun da hantsi. A irin wannan lokaci ake neman 'yar riga marar hannu, marar nauyi, wadda za a sa a cikin ɗaki ko a ƙarƙashin abaya, ta tsotse gumi ba tare da ta manne wa fata ba. Wadda ta iya riƙe kwarashi, ko da iyakar abin da ta taɓa saƙawa hular jarirai ce da safa, za ta iya saƙa wa kanta irin wannan shimi a cikin mako biyu, domin aikin bai wuce falle biyu ba, na gaba da na baya, waɗanda za a haɗa a kafaɗa da gefe. Abin da ke ɓata rigar ba rashin gwaninta ba ne. Zare ne da awo, kuma a kan waɗannan biyun zan fi daɗewa.

Zaren da ya dace

Ulun da muka saba saye domin kayan jarirai da rigunan hunturu, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Ba ya shan ruwa, saboda haka gumi kan tsaya tsakaninsa da fata, zafi kuma ya taru a ciki. Shimin farko da na saƙa da irin wannan ulu na yi ta, ruwan hoda mai kyau, na ɓata mata kwana goma sha biyu, amma ranar da na sa ta ban kai azahar ba na tuɓe, washegari kuma ƙurajen zafi suka feso mini a baya. Tun daga nan ba na saƙa rigar bazara sai da auduga zalla.

Ana samun zaren saƙa a wurin masu kayan ɗinki a Kasuwar Ƙofar Wambai da Kasuwar Sabon Gari, amma sai an sa ido, domin ba kowane dunƙule da mai shago ya ce auduga ce yake zama auduga ba. Sau da yawa shi kansa mai shagon bai sani ba, abin da aka gaya masa yake faɗa. Ki fara duba takardar da aka naɗe dunƙulen da ita, ki tabbata an rubuta auduga 100%. Idan babu takarda, ko zuciyarki ba ta kwanta ba, akwai gwajin da ba ya ƙarya. Ki roƙi mai shago ya yanko miki zare kamar tsawon yatsa, ki fita gefe nesa da kaya, ki ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi wadda ke narkewa a tsakanin yatsu. Zaren roba kuwa ƙanƙancewa yake yi ya narke, da warin leda, ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Wata rana da na yi wannan gwaji, dattijon mai shagon ya leƙo ya ce, "Hajiya, kaya kika zo saye ko gobara?" Da ya ga ƙullutun a tafin hannuna sai ya yi shiru, ya shiga ciki ya ɗauko wani kwali daban.

Kaurin zaren shi ma abin lura ne. A nemi siriri ko matsakaici, irin wanda dunƙulen giram 50 yake ɗauke da tsawon mita 125 ko kusa da haka. Wanda ya fi wannan kauri zai ba da riga mai nauyi kamar darduma, wanda ya fi shi sirantaka sosai, irin na saƙa marufin tebur, zai yi kyau amma aikin zai kai ki damina. Akwai audugar da ake wankewa da sinadari a masana'anta har ta yi sheƙi da santsi, dabarar da wani Bature ɗan Ingila mai suna John Mercer ya ƙirƙiro a shekarar 1844, kuma a jikin takardarta akan rubuta kalmar mercerised. Ita na fi so, domin ba ta tsagewa a bakin kwarashi, ba ta yin gashi-gashi bayan wanki, kuma tana riƙe launi. Mace mai matsakaicin jiki za ta buƙaci dunƙule biyar zuwa shida, wato giram 250 zuwa 300. Ki sayi shida a lokaci ɗaya, kuma ki duba lambar rini da ke jikin takarda ta zama iri ɗaya a duka, domin dunƙule biyu masu launi ɗaya da aka rina a tukunya daban-daban sukan bambanta, kuma ba za ki gane ba sai rigar ta fita hasken rana.

Fari, ruwan madara, sararin samaniya da sauran launuka masu haske su suka fi dacewa da zafi. Mai son shuɗi tana iya saƙa rigar da farar auduga, bayan ta gama ta kai marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, a tsoma mata a baba. Auduga na kama baba sosai, zaren roba kuwa ba ya kamawa. Sai dai a wanke rigar sau da dama kafin a fara sawa, in ba haka ba gumi zai sauke shuɗin a fata.

Sauran kayan aiki ba su da yawa. Kwarashi na ƙarfe mai lamba milimita 3.5 domin jikin riga, da mai lamba 3 domin baki, da mai lamba 4 domin sarƙar farko. Sai tef ɗin awo irin na tela, almakashi, allura mai babbar kafa marar tsini, fil guda huɗu ko biyar domin sa alama, da littafi da biro. Kada a raina littafin nan, domin abin da kika yi a fallen baya shi za ki maimaita a na gaba, kuma ƙwaƙwalwar da ke lissafin cefane da kuɗin makaranta ba za ta riƙe miki lissafin layi ba.

Ɗauri huɗu da za a yi aiki da su

Kowace mai saƙa da sunan da take kiran ɗaurinta, don haka bari mu daidaita baki. Zaren da ke rataye a kan kwarashi zan kira shi zobe, kan ɗaurin da ake soka kwarashi a ciki kuma ido. Sarƙa ita ce ki naɗo zare ki jawo shi ta cikin zoben da ke kan kwarashi. Zamiya ita ce ki soka a ido, ki jawo zare ta cikin idon da zoben gaba ɗaya. Gajere shi ne ki soka a ido, ki jawo zare ya zama zobe biyu, ki naɗo ki fitar ta cikin biyun. Dogo kuwa, wanda da shi za a yi kusan dukkan rigar, shi ne ki naɗa zare sau ɗaya tukuna, ki soka a ido, ki jawo ya zama zobe uku, ki naɗo ki fitar ta biyu, ki sake naɗowa ki fitar ta biyun da suka rage. Masu kallon bidiyon saƙa a intanet su lura cewa ɗaurin da 'yan Amurka ke kira mai biyu, wato dogon nan namu, 'yan Ingila mai uku suke kiransa, kuma wannan saɓani ya rikita mutane da yawa.

Awo da ƙyallen gwaji

A auna jiki da 'yar riga marar kauri, a tsaye, ba tare da an ja numfashi an riƙe ba. Awo uku ake bukata: zagayen ƙirji a inda ya fi cika, tsawo daga hammata zuwa inda ake so rigar ta tsaya, da zurfin hammata, wato daga saman kafaɗa zuwa ƙasan hammata. Zan yi misali da mace mai zagayen ƙirji santimita 96, tsawon jiki 36, zurfin hammata 20. Rigar zafi ba a yi mata ɗamewa, domin iska na bukatar wurin wucewa, saboda haka a ƙara santimita 8 a kan ƙirji ya zama 104, a raba biyu, kowane falle ya tashi santimita 52. Idan ƙugu ya fi ƙirji faɗi sosai, kuma ana so rigar ta sauka har kansa, za a bar tsaga a gefe, kuma za mu zo kanta.

Yanzu sai aikin da kowa ke ƙyuya a kansa, alhali shi ne ginshiƙi. Hannun kowace mace daban yake: wata tana matse zare, wata tana sakinsa, ta yadda mutum biyu za su yi dogo 100 da zare ɗaya da kwarashi ɗaya, amma faɗin aikinsu ya bambanta da kusan taƙi. Saboda haka ki saƙa ɗan ƙyalle mai dogo 30 a faɗi da layi 14 a tsawo, ki wanke shi kamar yadda za ki wanke rigar, ki shimfiɗa ya bushe. Wankin nan ba ɓata lokaci ba ne, domin auduga takan canza bayan ta sha ruwa, kuma gara ta canza a ƙyalle da ta canza a riga. Idan ya bushe, ki ɗora tef a tsakiyarsa, ba a gefe ba, ki ƙirga dogo nawa ne a cikin santimita 10, da layi nawa ne a cikin santimita 10.

Ki kuma ɗaga ƙyallen ki girgiza shi. Idan ya tsaya ƙiƙam kamar faifai, hannunki ya matse, sai ki koma kwarashi mai lamba 4 ki sake gwaji. Abin da ake nema shi ne ƙyallen ya faɗi laɓe a kan hannu kamar mayafi. Goggona da ta koya mini saƙa takan karɓi ƙyallen ta ɗora a goshinta ta hura, ta ce in iska ba ta wuce ba a kwance a sake.

A misalinmu, a ce an samu dogo 20 da layi 10 a cikin santimita 10. Ke nan kowane santimita ɗaya yana cin dogo 2 a faɗi da layi 1 a tsawo. Faɗin falle 52 sau 2 ya ba da 104. Adon raga da za mu yi yana bukatar lamba marar rabuwa biyu daidai, don haka a ƙara ɗaya ya zama 105. Idan naki gwajin ya ba da dogo 18, to lissafinki 52 sau 1.8 ne, wato 94 idan an cike, a mayar da shi 95. Haka kowace za ta fitar da tata lamba, kada ta ɗauki tawa ido rufe.

Fallen baya

Da baya ake farawa, domin kuskuren sabon hannu ya fi ɓoyuwa a can. Ki ɗauki kwarashi mai lamba 4, ki yi ƙullin zarge, ki bar jelar zare kamar santimita 15, sannan ki yi sarƙa 107, wato adadin dogon falle, 105, da ƙarin biyu. Dalilin babban kwarashi a nan shi ne sarƙa takan fi sauran aiki matsewa, kuma idan ta matse, ƙasan rigar zai ɗaure ƙugu kamar an zura tazuge. Ki riƙa maƙala fil a kowace sarƙa ta 25 domin kada ƙirga ta ɓace idan yaro ya kira ki.

Ki koma kwarashi mai lamba 3.5. Ki tsallake sarƙa uku na kusa da kwarashi, ki yi dogo a ta huɗu, ki ci gaba da dogo ɗaya a kowace sarƙa har ƙarshe. Za ki samu dogo 104, sarƙa ukun da kika tsallake kuma suna tsaye a matsayin dogo ɗaya, jimla 105. Wannan shi ne layi na 1. Ki yi sarƙa uku, ki juya aikin, ki tsallake idon farko tun da sarƙa ukun sun tsaya a madadinsa, ki yi dogo a kowane ido. A ƙarshen layi, dogon ƙarshe a kan saman sarƙa ukun layin baya yake sauka. A nan ne mafi yawan masu koyo suke faɗuwa, domin wurin ba ya kama da ido, sai su tsallake shi, kowane layi ya ragu da ɗaya, bayan layi ashirin su ga fallen ya tsuke kamar mazurari. Ki maƙala fil a saman sarƙar duk lokacin da kika juya, kuma ki ƙirga 105 bayan kowane layi uku. Layi na 2 da na 3 duka dogo ne cike, su ne za su zama ƙasan riga.

Layi na 4 shi ne raga, wato tagogin da iska za ta riƙa shiga. Ki yi sarƙa huɗu ki juya, uku a madadin dogo, ɗaya a madadin taga. Ki tsallake ido ɗaya na gaba, ki yi dogo a wanda ke biye, ki yi sarƙa ɗaya, ki tsallake ido ɗaya, ki yi dogo, haka har ƙarshe. Idan lissafi ya yi daidai za ki samu dogo 53 da taga 52. A layi na 5 sai ki cike: dogo ɗaya a kan kowane dogo, dogo ɗaya a cikin kowace taga, ya koma 105. Layi na 6 ma cike ne. Wannan jeri na raga ɗaya da cike biyu shi za ki yi sau takwas, har da wannan na farko, wanda zai kai ki layi na 27. Daga layi na 28 zuwa na 36 a daina raga, a yi cike zalla, domin daga nan an shiga ƙirji kuma ana bukatar sutura. Wadda take son rigar ta fi shan iska tana iya yin raga ɗaya, cike ɗaya a ɓangaren ciki, amma ban ba da shawarar raga zalla ba, domin takan miƙe ta rasa siffa bayan wanki biyu ko uku.

Idan dunƙule ya kusa ƙarewa, kada a ƙulla sabo a tsakiyar layi. A kai ƙarshen layi, a dogon ƙarshe a tsaya lokacin da zobe biyu suka rage a kan kwarashi, a fitar da su da sabon zaren, a bar jela mai tsawon santimita 15 ga kowanne. Ƙulli a cikin rigar da ke taɓa fata yana damun mai sawa, kuma a auduga mai santsi yakan kwance da kansa.

Saƙa a bazara tana da nata wahalar. Tafin hannu kan yi gumi, zare ya riƙa kamewa a jikin kwarashi, farin zare kuma ya yi dauɗa tun kafin a sa shi. Ni bayan sallar asuba nake saƙa, ko da yamma bayan la'asar idan inuwa ta sauka a tsakar gida. A wanke hannu kafin a fara, a shafa 'yar hoda a yatsu idan sun jiƙe, a kuma saka dunƙulen a cikin roba mai murfi da aka huda, zaren ya riƙa fitowa ta hudar, domin ƙurar Kano ba ta barin abin da ya gangara ƙasa.

Yankan hammata da maratayi

Bayan layi na 36 sai a sake ƙirga daga ɗaya, domin layi 20 na sama su ne zurfin hammata. Ki juya aikin ba tare da sarƙa ba, ki yi zamiya a ido tara na farko, a kan na taran ki yi sarƙa uku a madadin dogo, ki ci gaba da dogo har sai ido takwas sun rage, ki bar su ki juya. An cire takwas a kowane gefe, saura 89. Wannan shi ne layin hammata na 1.

Daga layi na 2 zuwa na 11 za a riƙa rage ɗaya a kowane gefe, domin hammatar ta yi lanƙwasa maimakon kusurwa. Ragewa ita ce haɗa dogo biyu su zama kai ɗaya: ki naɗa zare, ki soka a ido, ki jawo, ki fitar ta zobe biyu ki tsaya, ki sake naɗawa, ki soka a ido na gaba, ki jawo, ki fitar ta biyu, yanzu zobe uku ne a kan kwarashi, sai ki naɗo ki fitar ta cikin ukun gaba ɗaya. Ki yi wannan nan da nan bayan sarƙa ukun farkon layi, ki kuma yi shi kafin dogon ƙarshe, ta yadda gefen zai fita sumul. Layi goma, biyu-biyu, an rage 20, saura 69, wato faɗin kusan santimita 34 da rabi.

A fallen baya, layi na 12 zuwa na 16 a tafi a miƙe ba ragi. A layi na 17 a fara maratayin kafaɗa: a yi dogo 14 kawai a juya, a rage ɗaya ta ɓangaren wuya a layi na 18 da na 19 ya zama 12, a yi layi na 20 a miƙe, a yanke zare a zare jelar ta cikin zoben ƙarshe. Sai a ƙirga ido 14 daga ɗaya gefen, a ɗaura zare a nan, a yi maratayi na biyu kamar na farko. Dogo 12 ya ba da maratayi mai faɗin santimita 6, wanda ya isa ya rufe hannun rigar mama kuma ba ya yanka kafaɗa. Siririn maratayi yana da kyau a hoto, amma auduga tana da nauyi, kuma duk nauyin rigar a kansa yake rataya, sai ya miƙe har hammata ta sauko inda ba a so.

Fallen gaba daidai yake da na baya tun daga sarƙa 107 har zuwa layin hammata na 11, kuma a nan ne littafinki zai yi miki rana. Bambancin kawai shi ne wuyan gaba ya fi zurfi. A layi na 12 a yi dogo 15 a juya, a rage ɗaya ta ɓangaren wuya a layi na 13, 14 da 15 har ya zama 12, sannan a tafi a miƙe zuwa layi na 20. A yi haka a ɗaya gefen, ido 39 su rage a tsakiya. Wannan wuya yana sauka santimita 9 daga kafaɗa. Mai son ya fi haka rufewa ta ƙara layi biyu cike kafin ta raba, ta rage biyu daga tsawon maratayi, muddin jimlar ta tsaya a 20.

Haɗawa da gyaran baki

Kafin ɗinki, a jiƙa fallayen biyu, a matse ruwan a cikin tawul, a shimfiɗa su a kan tabarma ɗaya bisa ɗaya, a daidaita su da tef zuwa awon da aka yi niyya, a bari su bushe. Sannan a haɗa su fuska da fuska, a fara da kafaɗa, ido 12 da ido 12, da allura da zaren rigar kansa. Ɗinkin kafaɗa a bi shi sau biyu, tafi da dawowa. Gefe kuwa a kama shi da fil tukuna, layin raga ya fuskanci layin raga, domin idan suka goce ko da layi ɗaya ne ido zai gani. A ɗinka daga hammata zuwa ƙasa da sassauƙan hannu, kada a ja zare har gefen ya tattare. Mai faɗin ƙugu ta tsaya santimita 8 zuwa 10 kafin ƙasa ta bar tsaga, ta ƙarfafa bakin tsagar da ɗinki uku a wuri ɗaya.

Ki juya rigar ki gwada ta a jiki kafin ki taɓa baki. Idan hammata ta yi zurfi, wannan ne lokacin kwance kafaɗa a rage layi ɗaya gaba da baya. Ki tuna cewa rigar za ta ƙara sauka kaɗan idan aka fara sawa, don haka wadda ta yi daidai cif yau ta fi wadda ta yi sako-sako.

Gyaran baki da kwarashi mai lamba 3 ake yinsa, kuma ba ado kaɗai ba ne, shi ne ke hana wuya da hammata buɗewa. Ki ɗaura zare a ɗinkin kafaɗa, ki zagaye wuya da gajere: ɗaya a kowane ido inda aka bi saman layi, biyu a gefen kowane dogo inda aka bi tsaye. Ki rufe zagayen da zamiya, ki shimfiɗa rigar ki duba. Idan bakin ya yi tattara kamar ganyen latas, gajeren ya yi yawa. Idan ya ja rigar ya kumbura, ya yi kaɗan. A zagaye na biyu ki haɗa gajere biyu su zama ɗaya a kowace kusurwar wuya, domin bakin ya kwanta a ƙirji. Kada ki yanke zare sai kin zura kanki kin tabbata yana wucewa ba tare da kin kwance kitso ba. Haka za a yi wa hammata biyu, a fara daga ɗinkin gefe, zagaye biyu-biyu. Ƙasan riga da bakin tsaga zagaye ɗaya ya ishe su.

Jelolin zare da suka rage a zura kowace a allura, a bi da ita ta cikin gindin ɗauri biyar ko shida ta bayan riga, sannan a juyo a bi ta wata hanya dabam kafin a yanke. Wadda aka bi hanya ɗaya kawai takan zame ta leƙo waje a wankin farko.

Wanki da ajiya

A wanke shimin da hannu a ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ba tare da maganin cire launi ba. A riƙa matsawa a hankali, kada a cuɗa ta kamar atamfa, kada kuma a murɗe. A naɗe ta a tawul a danna ruwan ya fita, a shimfiɗa ta kwance a inuwa. Igiyar shanya ita ce babbar abokiyar gabarta, domin jiƙaƙƙiyar auduga tana da nauyi sosai, idan aka rataye ta za ta ja kanta har shimi ta koma doguwar riga, ga rana kuma tana cin launi. A watan Afrilu ko a inuwa ba ta daɗewa ba ta bushe ba. Idan ana son guga, a ɗora mata jiƙaƙƙen ƙyalle a taɓa da dutse sama-sama ba tare da an danne ba, domin dannewa na kashe tsayuwar ɗauri. Wurin ajiya kuma a linke ta a ajiye a kwance a cikin akwati ko durowa, kada a rataye ta a hanga, kuma a ajiye ragowar zaren tare da takardarsa da littafin lissafi, domin ranar da maratayi ya bukaci gyara ko ƙanwa ta ce ita ma sai an saƙa mata.